Bayan Sallama Daga Asibiti: Yadda Ake Kula da Waɗanda Suka Gama Maganin Ciwon Daji

Ranar da likita ya duba takardun mai ciwon daji ya ce masa an gama magani, ya koma gida sai bayan wata uku, rana ce ta farin ciki gare shi da danginsa. 'Yan'uwa da maƙwabta sukan yi ta zuwa barka da arziki, waɗanda suka taimaka da kuɗin magani hankalinsu ya kwanta, mai jinya kuma ya naɗe tabarmarsa ya koma harkokinsa. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma bayan mako biyu ko uku sai majinyacin ya tarar ba ya iya zuwa kasuwa ba tare da ya zauna a hanya ya huta ba. Macen da aka cire wa nono ta ga hannunta ba ya ɗaguwa ta ɗaura ɗankwali. Wanda aka yi wa gashi a wuya ya ga tuwo ba ya haɗiyuwa sai da ruwa. Galibi ba su faɗa wa kowa, don gudun kada a ce ba su gode ba.

Likitoci sun daɗe da gane cewa wannan lokaci na bayan sallama wani ɓangare ne na jinyar kanta, yana da nasa aiki, da nasa ma'aikata, da nasa ƙa'idodi. Mutanen da abin ya shafa kuwa ba kaɗan ba ne. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu cutar kamar miliyan 20 a duniya, mutum miliyan 9.7 suka rasu, kuma akwai miliyan 53.5 da ke raye waɗanda aka gano musu cutar cikin shekaru 5 da suka gabata. A Nijeriya ƙiyasin wannan shekara ya nuna sababbin masu cutar kusan 128,000, waɗanda suka rasu kusan 80,000. Sankarar mama ce kan gaba, sai wadda ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, sai ta bakin mahaifa.

Abin da magani ke bari a jiki

Manyan hanyoyin maganin ciwon daji uku ne: aikin tiyata, da magunguna masu ƙarfi waɗanda ake ɗurawa ta jijiya ko a sha, da kuma gashi da na'ura mai haske wanda ke ratsa jiki ya ƙona cutar. Kowace hanya, yayin da take kashe cutar, takan taɓa lafiyayyen nama da ke kusa.

Abin da ya fi damun yawancin waɗanda suka gama magani shi ne gajiya. Ba irin gajiyar manomi ba ce wadda barcin dare ke gusarwa. Mutum ya kwana lafiya, ya tashi kamar wanda ya wuni yana huɗa. Takan ɗauki watanni, ga wasu ma shekaru. Wani lokaci akwai dalilin da za a iya gyarawa, kamar ƙarancin jini, ko rashin cin abinci, ko rashin barci, ko baƙin ciki mai danne zuciya, saboda haka wajibi ne a faɗa wa likita, kada a bar ta a kan cewa haka nan take.

Na biyu shi ne kumburin hannu, wanda ya kamata a yi masa bayani sosai domin shi ne ya fi samun mata. A cikin jikin ɗan Adam, ban da hanyoyin jini, akwai waɗansu siraran hanyoyi masu kwashe wani farin ruwa daga cikin nama su mai da shi cikin jini. Suna bi ta waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle da ke hammata da matsematsi da wuya, watau wuraren da kaluluwa ke fitowa. Da yake sankarar mama takan bi ta nan ta yaɗu, likita kan cire na hammata ko ya gasa su. In aka yi haka sai magudanar ta ragu, ruwan ya riƙa taruwa a hannu. Kimanin mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa maganin sankarar mama takan sami wannan kumburi, wata bayan 'yan watanni, wata sai bayan shekaru. Yakan fara da jin nauyi, ko zobe ko awarwaro ya matse. In aka tare shi da wuri, da tausa ta musamman, da naɗa bandeji, da safar hannu mai matsewa, da motsa hannu, yakan lafa. In aka bar shi ya daɗe sai naman ya yi tauri, gyara ya yi wuya. Irin wannan tausa mai laushi wani mutumin Danmak, Emil Vodder, shi da matarsa suka fito da ita a shekarun 1930, kuma hannu kawai take bukata, da ilmin inda za a kora ruwan.

A nan akwai gargaɗi. Hannun da ya kumbura ta wannan hanya ba ya iya kare kansa daga ƙwayoyin cuta kamar dā. Don haka kada a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga ko sakiya da nufin fitar da ruwan, kada kuma a gasa shi da ruwan zafi. Ƙaramin yanka na wuƙar girki, ko ƙunar murhu, ko cizon ƙwaro, ya isa ya zama ƙofar ciwo. In hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, to a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Sauran matsalolin sun danganta da inda cutar take. Gashin wuya da baki yakan busar da yawu, ya lalata haƙora, ya sa muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa. Wanda aka cire wa maƙogwaro sai ya koyi magana ta wata hanya. Wanda aka yanke wa hanji, a wasu lokuta akan buɗe masa ƙofa a gefen ciki inda bayan gida zai riƙa fita cikin jaka. Gashin mara yakan sa gaban mace ya tsuke, aikin ƙarƙashin mafitsara kuma yakan jawo wa namiji yoyon fitsari da raunin mazakuta. Waɗansu magunguna sukan sa tafin hannu da na ƙafa su mutu ko su riƙa tsira kamar allura, waɗansu su taɓa ji, waɗansu su raunana zuciya, kuma wannan na ƙarshe yana iya ɓoyewa shekaru kafin ya bayyana.

Yara su suka fi daɗewa da wannan kaya, domin rayuwarsu duka tana gaba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2006, kan mutum fiye da 10,000 waɗanda suka warke daga ciwon daji tun suna yara, ya nuna kusan kashi biyu cikin uku suna da aƙalla wata larura guda mai daɗewa bayan sun girma.

Majinyata su suka fara

Abin lura shi ne yawancin wannan aiki ba daga ofis ya faro ba. A shekarar 1952 aka cire wa wata mata a birnin New York, Terese Lasser, nono. Ta farka ba wanda ya gaya mata yadda za ta motsa hannunta, ko abin da za ta sa a rigarta, ko abin da za ta ce wa mijinta. Da ta murmure sai ta shiga zagaya asibitoci tana ziyartar matan da aka yi wa irin aikinta, tana kai musu ɗan littafi, da ƙwallon roba na matsawa, da igiyar motsa kafaɗa, da abin cika riga na wucin gadi. Waɗansu likitoci ba su so ba, amma matan sun so, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ganin wadda ta sha irin wahalar tana tafe da ƙafarta ya fi dogon bayani. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta karɓi shirin a 1969, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa da sunan Reach to Recovery.

Haka kuma a Danmak, a 1954, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Elise Sørensen ta ga ƙanwarta ta daina fita cikin mutane bayan an buɗe mata ƙofar bayan gida a ciki, saboda tsoron yoyo da wari. Ita ta ƙago jakar da ake mannawa a fata, a yar bayan an yi amfani da ita, wadda irinta ake amfani da ita har yau.

Daga ɓangaren likitoci, Herbert Dietz na asibitin Memorial a New York, cikin shekarun 1960 da 1970, ya nuna cewa aikin farfaɗo da majinyaci ba ya jiran a gama magani. Akan fara tun kafin tiyata don a hana nakasa. Wanda zai iya komawa yadda yake a mai da shi, wanda nakasa ta zauna masa a koya masa zama da ita, wanda kuwa cutar ta yi masa nisa a sauƙaƙa masa ciwo, a taimake shi ya riƙa yi wa kansa abin da zai iya. A 1985 wani likita, Fitzhugh Mullan, wanda shi kansa ya yi ciwon daji a ƙirji yana da shekara 32, ya rubuta wata maƙala a mujallar likitoci inda ya raba rayuwar mai cutar zango uku: lokacin magani, da lokacin zaman ɗar-ɗar bayan magani, da lokacin da aka tabbata cutar ta tafi amma burbushinta na nan. Shekara guda bayan haka shi da waɗansu suka kafa ƙungiyar waɗanda suka rayu da ciwon daji a garin Albuquerque. A 1971 irin waɗannan mutane a Amurka kamar miliyan 3 ne. A 2022 sun kai miliyan 18.

A ƙarshen 2005 cibiyar masana harkar lafiya ta Amurka ta fitar da wani rahoto wanda ya ce majinyata da yawa suna ɓacewa a tsakani: likitan ciwon daji ya sallame su, likitan garinsu kuma bai san abin da aka yi musu ba. Rahoton ya ba da shawarar a ba kowa takarda mai bayanin maganin da aka yi masa da abin da ya kamata a riƙa dubawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna takardar ita kaɗai ba ta ƙara lafiya, in ba wanda zai karanta ta ya yi aiki da ita. Duk da haka, a ƙasar da majinyaci ke tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa asibitin koyarwa, fayil kuma yana iya ɓata, darajarta ta fi yadda take a can.

Inda doka ta shigo

Ƙasar Jamus ta ɗauki hanya ta daban. A can wanda ya gama maganin ciwon daji yana da hakkin a kai shi wani asibiti na musamman ya yi kamar mako 3, yawanci jim kaɗan bayan sallama. Ana koya masa motsa jiki, da cin abincin da ya dace da shi, da kula da jakar bayan gida in yana da ita, ana kuma tattaunawa da shi kan damuwarsa da aikinsa. Asusun fansho ne ke biyan yawancin kuɗin, kuma dalilinsu a fili yake: mai da ma'aikaci bakin aikinsa ya fi arha bisa biyansa fanshon nakasa har ƙarshen ransa. In ya tashi komawa aiki, akwai tsarin da zai fara da 'yan sa'o'i a rana, a riƙa ƙarawa a hankali.

A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta sa mai ciwon daji cikin waɗanda aka hana a nuna wa bambanci a wurin aiki tun daga ranar da aka gano masa cutar, kuma kariyar ba ta faɗuwa ko bayan ya warke. Ƙungiyar Macmillan, wadda aka kafa a 1911, tana samar da ma'aikatan jinya na musamman tun 1975. Akwai kuma gidajen Maggie's, na farko a Edinburgh a 1996, waɗanda ake ginawa a harabar asibiti, mutum ya shiga ba tare da kati ko layi ba, ya zauna ya sha shayi, ya yi tambayoyin da bai sami zarafin yi wa likita ba.

Faransa ta dubi wata matsala da ba kowa ke tunawa da ita ba. Mutum ya warke shekara da shekaru, amma in ya je banki neman rancen sayen gida sai kamfanin inshora ya tsawwala masa ko ya ƙi shi. A 2016 aka yi dokar da ta ba shi damar kada ya ambaci cutar in ya shekara 10 da gama magani ba ta dawo ba, a 2022 aka rage zuwa shekara 5. Waɗansu ƙasashen Turai sun bi sahu. Japan kuwa ta sa aikin farfaɗo da masu ciwon daji da ke kwance a asibiti cikin abin da inshorar lafiya ke biya tun 2010.

Kwanciya ba ita ce hutu ba

Shekaru da yawa shawarar da ake ba mai ciwon daji ita ce ya kwanta ya huta, macen da aka yi wa aikin hammata kuma kada ta ɗauki komai da wannan hannu. Bincike ya rushe wannan. A 2009 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da mata 141 masu kumburin hannu. Rabinsu aka sa su ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, suna sanye da safar matsewa, aka fara da mara nauyi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har shekara guda. Kumburin bai ƙaru ba, ƙarfinsu ya ƙaru, kuma tashin ciwon ya ragu a cikinsu bisa waɗanda ba su yi ba. A 2018 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Ostireliya ta ce a ɗauki motsa jiki a matsayin ɓangaren magani, a nufi minti 150 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku.

Hujja mafi ƙarfi ta fito a 2025, daga wani gwaji da aka yi galibi a Kanada da Ostireliya da mutum 889 waɗanda aka yi wa tiyata da magani saboda sankarar babban hanji. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ba su littafin shawarwari kawai, ɗaya kashin aka haɗa su da mai koyarwa wanda ya bi su shekara 3, yawancinsu kuma tafiya da sauri suka zaɓa. Bayan shekara 5, kashi 80 bisa ɗari na masu motsa jikin suna raye ba cutar, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 74. Bayan shekara 8, masu rai kashi 90 ne da kashi 83. Abin da ya bambanta su shi ne samun wanda zai riƙa bibiya, gama shawarar duk an ba su.

Wannan ba ya nufin mace ta dawo daga tiyata ta kama taɓarya ko ta ɗauki tulu. Sannu ba ta hana zuwa. Ana farawa da abin da ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya nuna, kamar tafiyar da yatsu a jikin bango ana hawa sama kaɗan kowace rana, sa'an nan a koma ayyukan gida ɗaya bayan ɗaya. Wanda cutar ta taɓa masa ƙashi, ko jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai ya nemi izinin likita tukuna.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi

Mai karatu zai iya cewa duk wannan zancen masu kuɗi ne. Jihar Kerala ta ƙasar Indiya ta nuna ba haka ba ne. A 1993 waɗansu likitoci a garin Calicut, cikinsu har da M. R. Rajagopal da Suresh Kumar, suka buɗe ɗan ƙaramin wurin kula da masu ciwo mai tsanani. Da suka ga majinyata ba su iya zuwa, sai suka koma horar da mutanen unguwa, malaman makaranta da ɗalibai da 'yan kasuwa, su riƙa shiga gidaje tare da ma'aikaciyar jinya, su wanke gyambo, su lura da wanda abinci ya yanke masa ko 'ya'yansa suka bar makaranta. A 2008 gwamnatin jihar ta mai da shi manufarta. A birnin Mumbai kuma asibitin Tata yana da ɗakin duba yaran da suka gama magani tun 1991, ana bin girmansu da karatunsu har su zama manya.

A Yuganda wata likita 'yar Birtaniya, Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aiki a Nijeriya tun da fari, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a 1993. Ta kawo dabarar haɗa garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, majinyaci ya riƙa sha a gida da ƙa'ida. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta wannan magani, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Irin wannan kulawa ba ta masu jiran ajali kaɗai ba ce; wanda ciwo ya hana shi barci ba zai iya motsa jiki ko komawa sana'a ba. A Kenya da Ruwanda ƙungiyoyin mata suna saƙa abin cika riga da zaren auduga, mai sauƙin kuɗi, mara zafi a jiki, maimakon na roba da ake sayowa daga waje.

Wani gwaji da aka yi a Kanada da mata 968 waɗanda aka gano musu sankarar mama da wuri, aka buga a 2006, ya nuna waɗanda likitan unguwarsu ya ci gaba da dubawa ba su fi shiga haɗari ba bisa waɗanda suka riƙa komawa babban asibiti, muddin an ba likitan bayanin abin da zai duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin bunƙasa aikin farfaɗo da majinyata a 2017, kuma a watan Mayu na 2023 babban taronta ya zartar da ƙuduri na farko kan wannan aiki, yana kiran ƙasashe su sa shi tun daga ƙananan asibitoci.

Halin da ake ciki a Nijeriya

A ƙasar nan yawancin masu ciwon daji sukan zo asibiti bayan cutar ta yi nisa, kuma yawancin kuɗin magani daga aljihunsu yake fita. Kafin a gama, an sayar da gona ko shanu ko keken ɗinki. Saboda haka wanda ya rayu yakan fito da rauni biyu, na jiki da na dukiya, kuma shi ya sa komawa sana'a da wuri ya fi muhimmanci a nan bisa ƙasashen da ke da albashin jinya.

Akwai tubalin ginawa. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin gashin ƙashi tun 1966, kuma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. Asibitocin ƙashi na Igbobi a Ikko, da Dala a Kano, da Inugu, suna yin ƙafa da hannun roba. A 1997 Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita kanta ta warke daga sankarar mama, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan, asibitin koyarwa na garin kuma ya buɗe sashen sauƙaƙa ciwo a 2007. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara asusun taimakon marasa ƙarfi masu ciwon daji da asibitoci 6, a Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Binin da Inugu. Cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, wadda aka yi dokarta a 2017, ta fara aiki a 2023. Inda gibin yake shi ne haɗa waɗannan: sau da yawa sashen gashin ƙashi yana cikin asibitin da aka yi wa mace aiki, amma ta koma gida ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, don ba a tura ta ba, ita kuma ba ta san za ta tambaya ba.

Akwai kuma abin da ba asibiti ne zai gyara shi ba. Likitocin Zariya sun bi matan aure 81 da aka cire wa nono, suka buga sakamakon a 2010. Bayan shekara 3, kashi 38 bisa ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazansu. Wannan adadi abin kunya ne, kuma jahilci na da hannu a ciki. Ciwon daji ba ya bin kwano ko shimfiɗa ko tufafi ya kama wani. Wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya ɗauke da hasken a jikinsa, yana iya ɗaukar jariri a ranar. Macen da ta rasa nono ɗaya tana nan matar aure, da yawa kuma sukan haihu bayan magani, sai dai a shawarci likita kan lokacin da ya dace. Ya kamata miji ya raka matarsa wurin likita ko sau ɗaya, ya ji da kunnensa, ya yi tambayar da ke ransa game da kwanciyar aure, domin tsukewa da bushewa da raunin namiji duk akwai abin da ake yi musu. Maganar haihuwa kuwa, ga saurayi ko budurwa, tun kafin a fara magani ake tayar da ita.

Mai jakar bayan gida yakan daina zuwa masallaci ko coci ko taron biki, yana shakkar tsarkinsa. Limamai da sauran shugabannin addini suna da rawar takawa wajen bayyana masa sauƙin da aka yi wa mai larura. Shugaban wurin aiki kuma, ko maigidan shago, zai iya yin abin da Jamusawa suka mai da doka ba tare da an tilasta shi ba: rabin wuni na 'yan makonni, da izinin zuwa asibiti ranar da aka sa. Yaron da ya gama magani a mai da shi makaranta da zarar likita ya yarda, a kuma gaya wa malaminsa in jinsa ko ganinsa ya ragu, don a zaunar da shi a gaba.

Ranar sallama

Kafin majinyaci ya bar asibiti, hakkinsa ne ya nemi a rubuta masa sunan cutar da matakin da aka same ta, da irin aikin da aka yi, da sunayen magungunan da aka ɗura masa da yawansu, da wurin da aka gasa, da ranar da zai dawo. Ya adana wannan takarda kamar takardar gona, ya nuna ta ga duk likitan da zai duba shi, ko da bayan shekara 20 ne, ko da kuwa ciwon da ya kai shi bai yi kama da na dā ba. Ya tambaya ko akwai bukatar ganin ma'aikacin gashin ƙashi, da mai ba da shawara kan abinci, da likitan haƙori, ya kuma tambaya ko akwai ƙungiyar waɗanda suka yi irin ciwonsa.

Matan da aka ba ƙwayar tamoxifen ko irinta su sani ana shanta shekara 5 zuwa 10, kuma jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. In tana damunsu, a koma a faɗa, akwai canji. Taba kuwa a bar ta gaba ɗaya. Hawan jini da ciwon sukari ba su ƙyale mutum don ya yi ciwon daji, sai a ci gaba da auna su a asibitin da ke kusa.

Tsoron dawowar cutar yakan tashi duk lokacin da ranar komawa asibiti ta matso, kuma kusan kowa yana jinsa. Ba kowane ciwon kai ko tari ne dawowarta ba. Amma sabon ƙullutu, ko zubar jini ba dalili, ko rama, ko ciwon ƙashi ko tari da ya wuce mako biyu bai lafa ba, ba a jira ranar da aka rubuta a kati. Ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari, na gaggawa ne, a kai mutum asibiti a cikin sa'o'in nan, da takardarsa a hannu.